Biyayya, mumbari da tulun Zumunta: ina matsayin mace a ikilisiya?

Ranar Lahadin da aka keɓe wa Zumuntar Mata, duk wanda ya makara sai dai ya tsaya a bakin taga. Tun daga nesa za ka ji tulu yana amsa kuwwa, caki na biye da shi, mata sun sha anko, zane ɗaya ɗankwali ɗaya, suna shigowa a jere suna rausaya. A ranar su ne masu buɗe sujada da addu'a, su ne masu karatun Littafi, su ne masu karɓar baiko. A ikilisiyoyi da yawa ma ɗaya daga cikinsu ce take hawa mumbari ta yi wa'azi, dattawa na zaune suna gyaɗa kai. Lahadi na zagayowa kuwa, kowa ya koma mazauninsa. Matar da aka kwana ana zancen wa'azinta ta koma bencinta, kuma idan dattawa suka zauna da yamma kan kuɗin rufin majami'a, wanda mata suka tara kaso mai tsoka a cikinsa, nata shi ne ta aika musu da abinci.

Mun saba da wannan har ba ma ganinsa. Amma tambayar tana nan: in Littafi ya hana mace koyar da maza, me ya halatta shi a wannan rana? In bai hana ba, me ya hana a sauran Lahadi 51 na shekara? Da wuya ka sami fasto biyu da za su ba ka amsa iri ɗaya. Dalili kuwa shi ne abin da muke kira "matsayin mace Kirista" igiya ce da aka tufka da zare daban-daban. Akwai na Littafi Mai Tsarki, akwai wanda Turawan mishan suka zo da shi daga gidajensu, akwai na al'adun kabilunmu da na maƙwabtanmu. An tufka su sun zama ɗaya, kowa ya ja sai ya ce "Littafi ya ce".

Bari mu fara da Littafin kansa, tun da shi kowa ke riƙewa.

Mai cewa shugabanci na namiji ne ba ya rasa ayoyi. Zai buɗe Afisawa 5, inda aka ce mata su yi biyayya ga mazansu, domin miji shi ne kan mace kamar yadda Almasihu yake kan ikilisiya. Zai buɗe 1 Timoti 2, inda Manzo Bulus ya ce bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba. Zai ƙara da 1 Korantiyawa 14, inda aka ce mata su yi shiru a taron ikilisiya, in suna da tambaya su yi wa mazansu a gida. Zai tuna maka cewa Yesu ya zaɓi manzanni goma sha biyu, babu mace ko ɗaya a cikinsu, kuma sharaɗin dattijo a 1 Timoti 3 shi ne ya zama mijin mace ɗaya. Waɗannan ayoyi suna nan baƙi a kan fari, kuma duk mai son gaskiya ba zai yi kamar bai gan su ba.

Ɗaya ɓangaren ma hannunsa ba wofi ba ne. Farawa 1 ta ce namiji da mace duka cikin kamannin Allah aka halicce su, kuma su biyun aka danƙa wa mulkin duniya. Debora ta yi wa Isra'ila shari'a, jarumi Barak ya ce ba zai fita yaƙi ba sai da ita. Da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali zamanin Sarki Yosiya, wurin annabiya Hulda babban firist ya tafi neman bayani. Maryamu Magadaliya ce ta fara ganin Yesu bayan tashinsa, ita aka aika ta faɗa wa manzanni. Bilkisu (haka fassararmu ta Hausa da aka saba da ita ta kira matar Akila) ita da mijinta suka ja Afolos gefe, masani mai baki, suka gyara masa koyarwa, kuma sau da dama sunanta ake fara ambata kafin na mijin. A Romawa 16 Bulus ya gabatar da Fibi a matsayin ma'aikaciyar ikilisiyar Kankiriya, ya gai da mata da yawa da ya ce sun yi fama a aikin Ubangiji. Bulus ɗin nan dai shi ne ya ce a cikin Almasihu babu namiji babu mace. Kuma a 1 Korantiyawa 11, sura uku kacal kafin maganar yin shiru, yana bayanin yadda mace za ta rufe kanta lokacin da take addu'a ko annabci. Ai mai annabci ba shiru take yi ba. Ke nan shirun sura ta 14 yana da iyaka, gardamar malamai duk a kan inda iyakar take ne.

Akwai wasu ƙananan abubuwa na harshe da fassara kan ɓoye, kuma suna da nauyi. Kalmar da aka fassara "mataimaki" a Farawa 2:18 ita ce "ezer" a Ibrananci. A kunnen Bahaushe mataimaki na ƙasa ne, kamar yaron shago ko karen mota. Amma a Tsohon Alkawari yawancin inda kalmar ta fito, Allah ake nufi da ita, shi ne mataimakin Isra'ila. Taimakon mai ƙarfi ne ga wanda ya gaza shi kaɗai. Haka kuma Afisawa 5:22: a wasu tsofaffin kwafe na Girkanci babu kalmar "biyayya" a ayar kwata-kwata, aro take yi daga aya ta 21, wadda ta ce ku yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Littattafanmu da yawa sun sa kan magana a tsakanin ayoyin biyu, sai mai wa'azin ɗaurin aure ya fara daga ta 22. A lura kuma, aya uku aka yi wa mace magana a wurin, tara aka yi wa miji, aka ce ya ƙaunaci matarsa har ya ba da ransa dominta. Na halarci ɗaurin aure ba adadi, ban taɓa jin an raba lokacin wa'azi bisa wannan lissafi ba. Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a 1 Timoti 2:12 ta "yin iko" kuwa, sau ɗaya tak ta fito a dukan Sabon Alkawari, shi ya sa har yau masana ke jayayya ko shugabanci na yau da kullum yake nufi, ko danniya da ƙwace iko, kuma ko dokar ta dukan zamanai ce ko ta magance wata fitina ce a Afisa.

Wannan jayayya a Amurka ta sami sunaye da ƙungiyoyi. A 1987 wasu malaman bishara suka taru a garin Danvers suka fitar da sanarwa cewa namiji da mace daraja ɗaya suke, amma aikinsu ya bambanta, shugabancin gida da na ikilisiya na namiji ne. Su ne masu ra'ayin "cika juna". Kusan lokaci guda masu ra'ayin daidaito suka kafa tasu ƙungiya, suna cewa baiwar Ruhu ce ke ba da aiki, jinsi ba ya bayarwa. Babbar tarayyar Baptis ta kudancin Amurka ta rubuta a shekarar 2000 cewa muƙamin fasto na maza ne, a 2023 kuma ta tabbatar da korar Saddleback, ɗaya daga manyan ikilisiyoyinta, saboda ta naɗa mata fastoci. Yawancin littattafai da bidiyon da 'yan matanmu ke gani a waya kan "yadda mace Kirista za ta zama mace" daga wannan fage suke fitowa. Suna da amfaninsu, amma an rubuta su ne don macen da ke zaɓi tsakanin zuwa ofis da zama a gida da albashin miji. Matar da ke Kafur ko Zangon Kataf ko Garkida ba ta da wannan zaɓi. In ba ta je gona ba, ba a ci ba.

A Nijeriya ikilisiyoyi sun rabu a kan naɗin mata, kuma rabuwar ba ta bi layin da mutum zai zata ba. ECWA da COCIN da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya), manyan ikilisiyoyin da ke sujada da Hausa, ba sa naɗa mace fasto. Anglikan ta Nijeriya ma haka. A 1993 Bishop Herbert Haruna na Kwara ya ɗora wa mata uku hannu, shugabannin ikilisiyar suka soke naɗin. Da aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Akbishop ta Kantabari, wato jagorar Anglikan ta duniya, a Oktoban 2025, ikilisiyar Nijeriya ta fito fili ta ƙi amincewa, ta kawo batun jinsinta da kuma ra'ayinta kan auren jinsi. Katolika ta rufe ƙofar firistancin mata da wasiƙar Fafaroma John Paul na Biyu a 1994, amma ita ce kuma ikilisiyar da ta fi ba mace marar aure fili: sistoci suna riƙe da makarantu da asibitoci, kamar sistocin St. Louis da suka iso Kano a 1948. A ɗaya gefen, Presbiteriyan ta naɗa mace ta farko, Mgbeke Okore, tun 1982. Lutheran ta Numan da Methodist suna naɗa mata. Baptis ta Nijeriya ma tana yi, alhali 'yan mishan na waccan tarayya ta kudancin Amurka ne suka kafa ta. A ikilisiyoyin Fentikos kuwa, Margaret Idahosa ta gaji mijinta a Benin bayan rasuwarsa a 1998, har ta zama Akbishop, kodayake a can sau da yawa ƙofar mace zuwa mumbari ita ce kasancewarta matar mai ikilisiya. Duk waɗannan Littafi ɗaya suke karantawa. Wannan kaɗai ya isa mutum ya sassauta murya kafin ya kira wani ɗan bidi'a.

Zare na biyu shi ne wanda ba a cika zancensa ba, kuma a ganina ya fi sauran tasiri a kan abin da muke kira "mace tagari" a yau.

Mishan da suka kafa ikilisiyoyin arewa sun zo ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20: SIM a 1893, SUM a 1904, CMS ta Likita Miller a Zariya wadda daga baya ta koma Wusasa, 'Yan'uwa a Garkida a 1923. Sun zo da Bishara, sun kuma zo da hoton gida irin na masu matsakaicin hali a Ingila da Amurka na zamaninsu: miji na fita nema, mata na gida tana ɗinki da saƙa da gyaran ɗaki. Idan aka ɗauki namiji makarantar Littafi, sai a buɗe wa matarsa aji na matan masu bishara, a koya mata karatu kaɗan, da tsabta, da girki, da renon yara. Niyya mai kyau ce, kuma an amfana. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932, kuma da yake a wurare da dama sai mutum ya iya karatu ake yi masa baftisma, mata da yawa ta wannan ƙofa suka fara rarrabe baƙi da wasali. Kakata a ajin baftisma ta koyi karatu, da 'ya'ya huɗu a gabanta, har ta rasu kuwa ba ta yarda wani ya karanta mata wasiƙa ba. Makarantun 'yan mata na Gindiri da Kwoi, da koyon aikin jinya a Vom da Wusasa, su suka fitar da malamai da nas-nas na farko a garuruwa da yawa.

Sai dai an yi hasara ma. Matan Maguzawa da na Birom da Bajju da Bura manoma ne, masu gayaunarsu, masu rumbunsu, masu cinikinsu. A wurare da yawa dafa burkutu ita ce babbar hanyar kuɗin mace. Ikilisiya ta hana giya, kuma tana da hujjarta, amma ba ko'ina aka damu da abin da zai maye gurbin kuɗin ba. Batun mata fiye da ɗaya ya fi zafi. Taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba, sauran mishan ma suka bi irin wannan hanya. Namiji ya sallami ta biyu da ta uku, ya shiga ruwa ya fito sabon mutum, yana cin Jibin Ubangiji. Su matan da aka sallama fa? Su suka biya kuɗin tubansa. Sai a 1988, bayan shekara 100 cur, Lambeth ta sassauta.

Ga kuma abin mamaki. Turawan da suka koya mana cewa mace ba ta shugabanci, mata ne suka yi musu babban ɓangaren aikin. Johanna Veenstra ta iso Nijeriya a 1920 tana budurwa, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, tana yawon wa'azi ƙauye-ƙauye, tana koyar da mazan da suka zama shugabannin ikilisiya, har ta rasu a Vom a 1933. Ikilisiyarta ta asali a Amurka ba ta buɗe wa mata mumbari ba sai a shekarun 1990. Wato abin da aka hana ta a gida an bar ta ta yi a nan. Ko dai ba a ɗauki kakanninmu cikakkun maza ba, ko kuma dokar ba ta kai tsananin da ake faɗa ba. Kowanne aka zaɓa akwai abin dubawa.

Zare na uku namu ne. "Darajar mace ɗakin mijinta", "aure yaƙin mata", "tsakanin miji da mata sai Allah": babu ɗaya daga cikinsu da ke cikin Littafi, amma za ka ji su a bakin uwar Zumunta tana yi wa amarya gargaɗi, a jere da ayoyi, ba ka iya raba su. Kunya, da ƙin kiran sunan miji, da durƙuso, tarbiyyar ƙasa ce da Kirista da Musulmi suka yi tarayya a kanta, kuma ba ni da ja da ita. Inda take zama matsala shi ne idan aka ɗauki kuɗin aure, wanda a wasu kabilu yake kaiwa shanu da awaki da kuɗi masu yawa, aka haɗa shi da "miji kan mace ne", sai ya haifi "na biya kuɗinki". Almasihu shi ne kan ikilisiya ta wurin mutuwa dominta. Wanda ya karanta ayar ya ga rasit, daga wani wuri ya ɗauko karatunsa.

Maganar sutura ba sai mun daɗe a kanta ba, ko da yake ita ta fi cin lokacin taron matasa. Ɗankwali yana da madogara a 1 Korantiyawa 11, kuma a ƙasar da kowace mace mai mutunci take rufe kai, babu wanda ya ji nauyinsa. Wando kuwa da Maimaitawar Shari'a 22:5 ake hana shi, inda aka ce mace kada ta sa kayan namiji. Amma zamanin Musa ba namiji ba mace, duk riguna masu tsawo suke sawa. A Pakistan wando kayan mata ne na kunya, a ƙasar Tibi da ta Urhobo dattijo na ɗaura zane ya fita taro. Ayar ta hana rikitar da kamanni, al'ada ce ke faɗin wane kaya na wa. Ikilisiyar Deeper Life ta hana 'yan kunne da sarƙa, wata ikilisiyar a layi ɗaya matar fasto ce ta fi kowa gwal. Abin da Bitrus da Bulus suka tsawata a kai shi ne kitso na alfarma da zinariya da tufafi masu tsada, wato fariyar dukiya. A yau ana iya tsayar da yarinya a ƙofa saboda siket ɗinta, a wuce da mai leshin dubu ɗari uku zuwa kujerar gaba.

Babu nassin da ake karanta wa mata kamar Karin Magana 31, kuma babu wanda ake karantawa da rabin ido kamarsa. Waƙa ce mai baiti 22, kowane baiti yana farawa da harafi ɗaya na abacadan Ibrananci bi da bi. Kalmar da aka siffanta matar da ita, "hayil", ita ce ake siffanta mayaƙa da ita, irin su Gidiyon. Jaruma ke nan. A duba abin da take yi: ta ga gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, tana saƙa tana sayar wa fatake, tana da ma'aikata, tana ba matalauta, tana buɗe baki da hikima. Ba a ambaci kyanta ba sai don a ce kyau mai shuɗewa ne. Wannan ba matar falo ba ce. Ta fi kama da matar da ke sarin doya a Zaki Biam, ko mai kai dankali daga Bokkos, ko mai kiwon aladu a bayan gida tana biyan kuɗin makarantar yara huɗu. Iyayenmu mata sun riga sun cika wannan sura tun kafin a fassara musu ita.

A nawa ganin, batun mumbari abu ne da masu tsoron Allah za su iya saɓawa a kai su ci gaba da zumunci. Wanda ya karanta 1 Timoti ya ce lamirinsa bai ba shi ya naɗa mace ba, ina girmama shi. Amma akwai abubuwan da ake fakewa da "biyayya" ana yi, waɗanda babu ɓangaren da zai iya kare su da aya.

Na farko duka. A Afrilun 2022 mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, 'yan'uwanta da abokan aikinta suka fito suna ba da labarin irin azabar da ta sha a gidan aure. A Afrilun 2025 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta sami mijinta da laifi, ta yanke masa hukuncin kisa. Abin da ya girgiza mutane shi ne akwai waɗanda suka sani tun tana da rai. Kowace Zumunta tana da irin wannan mace. Ta zo da kumburin ido, a ce "'yata, yi haƙuri, ki ƙara addu'a, ki duba ko bakinki ne". Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, haka ake ce mata. Tana tsoron fita domin za a ce ta kashe aurenta, a hana ta Jibi, yaran kuma na dangin miji ne. Dokar hana cin zarafi ta 2015 tana nan, jihohi da yawa sun karɓe ta, amma macen da ta kai mijinta wurin 'yan sanda sai ta shirya amsa tambayoyin dattawa. Bitrus ya ce miji ya girmama matarsa don kada addu'arsa ta toshe. Annabi Malakai, wanda ake jawowa a ce Allah yana ƙin kisan aure, mazan da suka ci amanar matan ƙuruciyarsu yake tsawata wa a wurin. Ikilisiyar da ta ce namiji ne shugaba, ita ya kamata ta fi kowa saurin sa mai duka a horo, tun da shi ta ba ragama.

Horon ma da sauran magana. Yarinya ta yi ciki kafin aure, a kira sunanta a gaban jama'a, a mai da ita bencin baya wata da watanni, a hana ta farar riga. Cikinta ne ya tona ta. Wanda ya yi cikin sau da yawa ya koma wani gari ko wata ikilisiya, ko yana nan yana kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙa. Labarin matar da aka kawo gaban Yesu a Yahaya 8 ma haka yake: an ce an kama ta a cikin aikin, amma ita kaɗai aka kawo.

Sai gwauraye, waɗanda rikice-rikicen Filato da kudancin Kaduna da arewa maso gabas suka yawaita. A al'adun kabilu da dama gona da gida na maza ne. Miji ya rasu, kafin a share makoki 'yan'uwansa sun zo ƙirga kaya, in ba ta haifi namiji ba abin ya fi muni. A nan maƙwabciyarta Musulma ta fi ta madogara, domin tana da rabo sananne, tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, 'ya mace ma tana da nata kason. Kirista kuwa in ba a yi auren rajista ba, ba a bar wasiyya ba, al'ada ce ke hukunci. Kotun Ƙoli ta yanke a 2014, a shari'ar Ukeje, cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. Littafin Ƙidaya 27 ya riga ta da dubban shekaru: 'ya'yan Zelofehad mata biyar suka tsaya gaban Musa suka nemi gādon ubansu, Allah ya ce gaskiyarsu. Da ana wa'azin wannan sura rabin yadda ake wa'azin Afisawa 5:22, da buhunan masarar da ake raba wa gwauraye a Kirsimeti sun ragu, domin da gonakinsu na hannunsu.

Akwai kuma wadda ba ta yi aure ba, ko ta yi ba ta haihu ba. Tsarin ikilisiyoyinmu bai san inda zai ajiye ta ba. Ta girmi ƙungiyar matasa, Zumunta kuma a wurare da yawa ta matan aure ce. Mai shekara 38, likita ce ko shugabar makaranta, amma kullum ita ce abin addu'a. Alhali Bulus a 1 Korantiyawa 7 cewa ya yi marar aure ta fi samun sukunin hidimar Ubangiji, kuma da wata mace ta ɗaga murya ta yabi cikin da ya haifi Yesu, sai ya ce albarka ta fi tabbata ga masu jin maganar Allah suna kiyaye ta.

Kada kuma a ɗauka matan ikilisiya zaune suke suna jiran a ba su. Zumuntar Mata hukuma ce mai zaman kanta, da shugaba da magatakarda da ma'aji, tun daga ƙauye har babban taro na ƙasa, a Nijeriya da kuma ikilisiyoyin Maraɗi da Damagaram. Su ne masu biyan kuɗin asibitin 'yar'uwa, masu dafa abincin makoki, masu fita bishara ƙauyukan da fasto bai taɓa takawa ba. Waƙoƙinsu, waɗanda su suke tsarawa, wa'azi ne cikakke, kuma a ciki suke faɗa wa maza mashaya da masu rowa abin da ba za su iya faɗa a majalisa ba. Kowane fasto ya san wanda Zumunta ta juya wa baya, kwanansa a wannan ikilisiya ƙirgagge ne. Lokacin da Boko Haram ta tarwatsa ƙasar EYN, bayan sace 'yan matan Chibok 276 a 2014 waɗanda akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya ne, Dakta Rebecca Dali ta shiga cikin 'yan gudun hijira tana tattara sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, tana kula da matan da suka kuɓuto da 'ya'yan da dangi suka ƙi karɓa. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a Janeba. Masaniyar tauhidi ce, amma a ikilisiyarta ba za a kira ta Rabaran ba. Sunan da Kiristocin arewa suka fi ambata a wannan zamani idan ana maganar tsayawa kan bangaskiya kuwa, na yarinya ce, Leah Sharibu, wadda aka sace a Dapchi a Fabrairun 2018 tana 'yar shekara 14.

Iko ne na gaske, amma iko ne na bayan fage. Yana iya tuɓe fasto, ba ya iya zama a teburin da ake rubuta dokar horo ko ta gādo ko ta kuɗi. Kuma ƙarni na tasowa da ba lallai ya gamsu da bayan fage ba. Makarantun tauhidi irin su TCNN a Bukuru da JETS a Jos suna karɓar mata. Suna zama aji ɗaya da maza, suna koyon Girkanci da Ibrananci, wani lokaci mace ce ke zuwa ta ɗaya. Ranar yaye ɗalibai kowa ya sa riga iri ɗaya ya karɓi takarda iri ɗaya. Bayan 'yan watanni a tura abokin karatunta ikilisiya, da gidan fasto da albashi, bayan wasu shekaru a naɗa shi. Ita kuma ta nemi koyar da ilimin addinin Kirista a sakandare, ko ta kama makarantar Lahadi ta yara. In ta auri ɗan ajinsu, za a kira ta Mama, a ba ta kujera a gaba kusa da shi, kuma sau ɗaya a shekara, ranar Zumuntar Mata, a miƙa mata mumbari.